Ko babban kare zai koyi tsare kurege a bishiya? Tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da kare ya tsare kurege a bishiya?

Kuregen da muka sani a ƙasar Hausa ɗan rami ne. Ka koro shi a gonar gyaɗa, sai ya ɗaga jela ya zura da gudu ya faɗa raminsa. Na dazuzzukan gabashi da kudancin ƙasar Amurka kuwa ɗan sama ne: a bishiya yake kwana, 'ya'yan itatuwan oak da hickory yake ci, in ya ji motsi sama yake yi. Iri biyu aka fi farauta, mai ruwan toka wanda nauyinsa yake kusan rabin kilo, da wani ja-ja da ya fi shi girma, wanda kan kai kilo guda.

Don haka aikin karen ya sha bamban da na karnukan mafarautanmu da ke bin zomo har su cafke. Shi ba kamawa zai yi ba. Zai bi sawun kurege da hanci da ido da kunne har ya gane bishiyar da ya hau, ya dafa gindinta da ƙafafun gaba, ya yi ta haushi bai gusa ba, har maigidansa ya iso da ƙaramar bindiga ya harbo naman.

Kowane kare ne zai iya?

A'a. A jihohi irin su Tennessee da Kentucky da Mississippi, nau'i biyu suka yi suna: Mountain Cur, kare mai ƙira da kan kai kilo 14 zuwa 27, da Feist, ɗan ƙarami mai zafin nama. Manoman duwatsun Appalachia na gabashin Amurka sun daɗe suna kiwon su don cika tukunya, har aka kafa ƙungiyar masu kiwon Mountain Cur a 1957 saboda nau'in ya kusa ɓacewa. Waɗannan a jininsu abin yake. Akan dace da gauraye ko karen gida da ya iya, amma dace ne, ba a gina shiri a kansa.

Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba? Me za a koya wa kare mai shekara uku?

Karin maganar tana da gaskiyarta, shi ya sa masu sana'ar suka fi son farawa da ɗan kwikwiyo mai 'yan watanni. Sai dai a ganina ba shekarun ne matsalar babban kare ba, abin da ya riga ya saba da shi ne. Karen da ya shekara biyu yana bin zomo ya koyi cewa nama a ƙasa yake, hanci a ƙasa, gudu gaba. Idan warin kurege ya ƙare a gindin bishiya, a wurinsa zance ya ƙare, sai ya juya neman wani sawun. Wanda kuwa ya girma a tsakar gida bai taɓa farauta ba, sau da yawa ya fi sauƙin koyarwa, domin babu abin da za a kankare masa. Babban kare ma yana da nasa amfanin: ya fi kwikwiyo natsuwa, ya fi shi jure doguwar tafiya.

Abu uku kake nema ya haɗa: ɗaga kai sama, tsayawa, da haushi. Na farkon ya fi wuya.

Daga ina ake farawa?

Daga gida. Karen da ba ya zuwa in an kira shi, kada a kai shi daji. Sai sabo da ƙarar bindiga: a harba daga nesa yana cikin cin abinci ko wasa, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Wanda aka firgita da harbi a kusa da kunnensa ranar farko, gyaransa aiki ne ja.

To, yaya ake sa shi ya ɗaga kai?

Da fata ko jelar kurege ake somawa. A ɗaura ta a igiya, a ja ta a ƙasa yana bi, a bar shi ya cafke sau ɗaya ko biyu don kwaɗayinsa ya tashi. Daga nan a jefa igiyar kan reshe, a ja fatar sama yana kallo, ta tsaya inda tsallensa ba zai kai ba. Zai yi tsalle, zai yi kuka, wani ma ya zauna yana kallon ka. Ka yi shiru. Da zarar ya yi haushi, ko sau ɗaya ne, ka yabe shi ka sako masa fatar. Nan take, ba bayan minti guda ba, don ya haɗa haushin da ladan.

Wannan wasa ba a daɗewa a kansa. Babban kare yana saurin gane cewa fata ba ta da rai, ya daina kula ta. Mataki na gaba shi ne kurege mai rai da aka kama da tarkon keji, inda dokar jihar ta yarda da hakan. A nuna masa, a sake shi a fili mai bishiya ɗaya ko biyu, yadda karen zai ga hawansa da idonsa. Sau biyu ko uku ya isa. In aka yawaita, sai a samu kare mai jiran a kawo masa kurege a keji, wanda ba ya nema da kansa.

Sauran karatun a daji yake, da sassafe ko da la'asar lokacin da kurege ke sauka kiwo. Ƙarshen kaka zuwa hunturu ya fi, bayan ganye ya zube, domin kare da maharbi duk suna ganin rassa. Kuregen farko da ya tsare da kansa, a yi ƙoƙari a harbo shi, a bar shi ya sunsuna ya ɗan cije. Wannan rana ɗaya ta fi wata guda na wasan fata.

Haɗa shi da ƙwararren kare yana taimakawa?

Sosai, musamman ga wanda ya ƙi haushi. Amma bayan 'yan fita a raba su. In ba haka ba zai zama ɗan amshin shata, sai wancan ya yi haushi shi ma ya yi.

Me ya sa yake haushi a bishiyar da babu komai?

Wani lokaci ba ƙarya ya yi ba. Kurege yakan bi rassa ya tsallaka bishiya ta uku ko ta huɗu, ko ya shige kogo, ko ya lafe a bayan reshe. Maharba kan girgiza wata kurangar da ta naɗe bishiyar don ya motsa. In an duba da kyau babu shi, kada a yaba, kada a doke shi. A ɗaura masa igiya a ja shi gaba. Mai yabon kowane haushi shi ke koya wa karensa ƙarya da hannunsa.

In ya bar kurege ya bi barewa ko zomo fa?

Nan tsohon hali ke dawowa. A tsawata masa a daidai lokacin da ya ɗauki sawun, ba bayan ya dawo yana haki ba, don a lokacin zai ɗauka dawowar ce laifinsa. Da yawa a Amurka suna sa wa karnuka abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, irin na kamfanin Garmin, wasu har da mai ɗan jan lantarki. Na biyun a hannun mai saurin fushi ɓarna yake yi: in lantarkin ya ja shi kusa da bishiya, karen zai ɗauka bishiyar ce ta cije shi, ya daina zuwa gindinta.

Yaushe za a haƙura?

A ba shi lokacin farauta guda cikakke, ana fita da shi sau biyu ko uku a mako a dajin da kurege ke da yawa. In a ƙarshe yana tsayawa a gindin bishiya ko da ba ya haushi, akwai sauran fata, a ɗaure shi a wurin a riƙa zuga shi. In kuwa kurege ya hau a gabansa ya bi shi da ido sau ɗaya ya koma shinshinar ƙasa, a mai da shi kan zomonsa.