Bak, WAEC da JAMB: inda wahalar fizik ta samo asali

Duk shekara in sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare ta Nijar, ya fito, musun nan sai ya dawo a Maraɗi: fizik ɗin wa ya fi wuya, namu ko na Nijeriya? Ba abin mamaki ba ne a garin da Katsina ta fi Yamai kusa da shi, inda a gida guda za ka tarar da yaro a Lise Ɗan Baskore, ƙanensa kuma yana rubuta WAEC, takwararta ta Nijeriya, a ƙetaren Jibiya. Sai dai jarrabawoyin biyu tun asali ba abu ɗaya aka kafa su su auna ba.

Bak gadon Faransa ce. Napoleon ya kafa ta a 1808 a matsayin matakin farko na digirin jami'a, shi ya sa har yau malaman jami'a ke shugabantar kwamitocin gyara. Rabe-raben fannoni, wato seri A, C, D da E da muka sani, sun fito ne daga gyaran 1965, aka fara zana su a 1968. Faransa da kanta ta sauya su a 1995, ta kuma soke rabon a bak ta gama-gari a 2021, amma Nijar ta riƙe nata: seri C ta lissafi da fizik, seri D mai ba ilimin halittu nauyi, fizik da shimi kuma a takarda guda. Jami'ar Yamai ta daɗe tana shirya jarrabawar, kuma sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya yi suna a binciken makamashin rana.

Ta can ɓangaren, an kafa WAEC a 1952 bisa tsarin Ingila: shekara biyar ta sakandare, sannan ƙarin shekara biyu ta HSC, wato babbar shaidar sakandare, ga mai neman jami'a. A waɗannan shekaru biyun ne fizik mai zurfi yake zaune. Da Nijeriya ta koma tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 sai aka cire su daga sakandare, zurfin ya koma shekarar farko ta jami'a. JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta zo a 1978, NECO, takwarar WAEC ta cikin gida, a 1999. Saboda haka ɗan tarminal, ajin ƙarshe na lise, yana shiga bak da shekara 13 a lakkwal, mai WAEC da 12, kuma bambancin wannan shekara ɗaya yana fitowa fili a takarda.

Ga misali da nauyi na giram 200 rataye a rasor, wato sifirin, mai ƙarfin 20 N/m. A WAEC ana son ɗalibi ya san T = 2π√(m/k), inda T lokacin lilo ɗaya ne, m nauyin, k kuma ƙarfin rasor, ya zuba lambobi, ya samu daƙiƙa 0.63. A bak amsar ƙarshen ba ta da maki sosai. Sai ya faɗi abin da yake nazari, ya zana ƙarfin da ke aiki a kansa, ya bi doka ta biyu ta Newton har ya fitar da mx'' + kx = 0, ya nuna ω = 10 rad/s, sannan ya nemo faz, wato matakin da lilon ya soma, daga yanayin farawa. Nan ake faɗuwa. Wani ya bar na'urar lissafinsa a digiri alhali radiyan ake so. Wani ya manta mayar da giram zuwa kilo, amsarsa ta ninku kusan sau 32. Da yake tambayoyin sarƙe suke, ta biyu ta dogara da ta ɗaya, kuskure guda yakan bi yaro har ƙasan shafi. Kuma wanda deribe ɗinsa, wato lissafin saurin canji, bai zauna ba tun aji na faramiye, na gab da tarminal, da'irar lantarki ta RLC da tafiyar ƙwayar lantarki cikin maganaɗisu za su tona masa asiri.

Wanda ya tsaya nan zai ce bak ta cinye musun. A dakata. Fizik na WAEC takarda uku ne: tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da kwata, na rubutu awa ɗaya da rabi, sai na gwaji da hannu, awa biyu da minti 45. Na ukun nan ne fizik ɗin seri C da D ba shi da irinsa, don a rubuce ake yin sa. Za a ba yaro wannan rasor ɗin da agogo, ya auna lokacin lilo 20 ga nauyi biyar daban-daban, ya raba, ya zana T² a kan m, ya ciro gangarar layin. Makin na zubewa a ƙananan wurare: fara ƙirga da ɗaya maimakon sifili, karanta ma'auni ta gefen ido, matse zanen a kusurwar takarda bai ci rabin shafi ba, barin jadawali ba a rubuta ma'auni ba, kamar giram ko daƙiƙa. Ɗalibin da ya iya warware lissafin lilo a allo amma bai taɓa riƙe agogon gwaji ba, nan hannunsa zai yi rawa. WAEC kuma ta fi shimfiɗa, tana taɓa zafi, sauti, madubi da injuna masu sauƙi daga karatun shekara uku.

JAMB kuwa tsere ce. Tambaya 180 cikin minti 120 a kwamfuta, 40 daga ciki na fizik, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Ɗan bak da ya saba da bayani layi-layi yakan ci lokacinsa a tambaya goma na farko.

Masu musu sukan kawo yawan waɗanda suka ci a matsayin hujja, kuma ita ce hujja mafi rauni. Amurka ta nuna haka. Da aka raba AP Physics B, jarrabawar fizik matakin jami'a da 'yan sakandare ke yi, gida biyu, aka fara zana Physics 1 a 2015, shekaru a jere waɗanda ke samun makin wucewa ba su kai rabi ba, alhali a Physics C na makanik, mai amfani da deribe da integral, sun haura biyu bisa uku. Ba don Physics C ta fi sauƙi ba, sai don zaɓaɓɓu ne ke shigarta. Haka abin yake tsakanin seri C da D a nan: ajin C ɗan ƙarami ne, an tace shi tun daga segwand, ajin farko na lise, ajin D kuwa cike yake maƙil. Har ma'aunin makin ya bambanta. A bak, 7 bisa 20 a fizik na iya samun rufin asiri daga lissafi ko ilimin halittu in matsakaicin makin ya kai 10. A WAEC kowane darasi da kansa yake tsayawa, kuma mai D7 a fizik, makin da bai kai kiredit ba, ba zai shiga injiniyanci ba ko da A1, maki mafi girma, ya jera a sauran.