Ɗan kwikwiyona sai susa yake, alaji ne ko me?

Daga ya fara susa shikenan alaji ne?

A'a. Gaskiya mutane na saurin cewa alaji, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu, alhali a ƙaramin kwikwiyo abin da ya fi yawa ƙwari ne, wato ƙuma da waɗannan ƙananan ƙwarin da ido baya gani masu shiga fata su kawo ƙazuwa. Alajin ƙura da ƙurar furanni yawanci sai kare ya kai wata 6 zuwa shekara 3 yake bayyana, toh in naka ɗan wata 2 ne ko 3, fara da neman ƙwari tukuna.

Na duba jikinsa ban ga ƙuma ko ɗaya ba fa?

Rashin ganinta ba hujja bane, tana da sauri kuma shi kansa yana haɗiye ta in yana cizon jikinsa. Ka tsayar da shi kan farar takarda, ka taje gashin gindin wutsiya da cinyoyin baya, za ka ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun zubo, ka ɗiga musu ruwa, in suka narke suka yi ja to kashin ƙuma ne, jininsa ne da ta sha. Kuma karen da jikinsa baya jituwa da yawun ƙuma, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya hana shi barci kwana da kwanaki. Abin tausayi wallahi. Maganin sai ya haɗa da shimfiɗarsa da sauran dabbobin gidan, don ƙwayayenta a ƙasa suke zubewa ba a jikinsa suke zama ba.

Ƙazuwar fa, ya ake gane ta?

Gefen kunne da gwiwar hannu da ciki su yi ɓawo, gashi na zuba, susa ba dare ba rana. Likitan dabbobi zai ɗan kankari fatar ya duba a madubin likita. Wannan irin tana kama mutane ma, in ka ga kai ma ka fara ƙuraje a hannu kar ka yi mamaki.

Ko abincin ne?

Yana yiwuwa, musamman in da gudawa ko yawan ciwon kunne da lasar tafin ƙafa. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne naman shanu, madara, kaza da alkama. Amma canza abinci yau wannan gobe wancan ba ya nuna komai. Likita zai ɗora shi kan abinci guda wanda bai taɓa ci ba na tsawon sati 8 zuwa 12, babu ɗan ƙashi, babu ragowar abin da aka ci, babu ɗan loma daga hannun yara, in ƙaiƙayin ya lafa sai a dawo da tsohon abincin a ga ko zai tashi. Kar ka haɗa abincin da kanka, yana cikin girma ne, ƙasusuwansa na buƙatar cikakken abinci.

Me zan yi masa yanzu ya samu sauƙi?

Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi da shamfu na kwikwiyo, ba sabulun mutane ba, a ɗauraye sosai. Ka yanke masa farce, ka wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi. Don Allah kar ka ba shi parasitamol ko ibuprofen, suna iya lalata masa hanta da ƙoda, kar kuma a shafa masa baƙin man inji. Maganin ƙuma ma a duba kwalin, da yawa sai daga sati 8, kuma da nauyin jiki ake bayarwa. Apoquel, maganin ƙaiƙayin kare da ake yawan ambata, sai kare ya cika wata 12.

Yaushe ne ba a jira?

In fuska ko leɓe ya kumbura nan take, ko jiki ya yi rudu-rudu bayan allurar rigakafi ko harbin ƙudan zuma, ko yana numfashi da ƙyar, ɗauke shi sai asibitin dabbobi a lokacin. Haka in wurin susar ya zama gyambo yana ruwa yana wari, ko ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat, mai yiwuwa ƙuma ce ta shanye masa jini, kuma ɗan kwikwiyo ba shi da jinin da zai jure hakan.