Idan na'ura ta shigo wurin aiki, wa ke da ta cewa?

Da gaske ne na'ura za ta raba mutane da ayyukansu?

Za ta raba wasu, ta ma riga ta fara. Amma alƙaluman da ake yaɗawa suna buƙatar natsuwa. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin haɗarin na'ura ta iya yin su. Iyawa daban, yi daban. Aikin mutum ɗaya yakan ƙunshi ɗawainiya iri-iri, na'ura ta ɗauke wasu ta bar wasu. Ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba a kora ba, amma aka rage masa daraja da albashi da hujjar cewa yanzu kowa ma zai iya aikin.

Ai wannan tsohon tsoro ne. Ba haka aka yi ta faɗa ba tun zamanin injin saƙa?

Tsoho ne, sai dai ba a cika ba da labarin yadda yake ba. Tsakanin 1811 da 1816 masaƙan Ingila da ake kira 'yan Luddite sun farfasa injina a yankunan Nottingham da Yorkshire da Lancashire. Yau da sunansu ake yi wa mai gudun fasaha gori, kamar jahilai ne. Alhali ƙwararru ne da suka san injin ciki da bai. Kukansu shi ne masu masana'antu suna fakewa da shi su ɗauki marasa ƙwarewa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma fitar da kaya marasa inganci. Amsar da majalisa ta ba su a 1812 ita ce dokar kisa ga duk wanda ya fasa inji, kuma a 1813 an rataye wasunsu a York. Gaskiya ne daga baya masana'antu sun samar da ayyuka masu yawa, amma ba masaƙin da ya rasa sana'arsa ne ya ci moriyar ba.

Idan na'ura na sauƙaƙa aiki, me ya sa ba mu huta ba?

A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa nan da shekara ɗari awa 15 a mako za ta wadatar. Arzikin ya ƙaru, hutun bai kai haka ba, domin inji ba ya raba riba; mutane ne ke rabawa. Ko awa takwas a rana da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa a yarjejeniyarta ta farko a 1919, gwagwarmayar ma'aikata ce ta kawo ta.

Mece ce matsalar manhaja ta zama ita ce shugaba?

Shugaba na mutum ana iya tambayarsa dalili. Manhaja kuwa takan ba direba aiki, ta yanke masa kuɗi, ta rufe masa asusu, ba tare da ya san laifinsa ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber da suka shigar da ƙara ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, saboda kamfanin ne ke tsara farashi da sharuɗɗa. A 2018 kuma aka ruwaito cewa Amazon ta watsar da wata manhajar tantance masu neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, don ta koyi zaɓe ne daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ta sa irin waɗannan manhajoji cikin rukunin masu babban haɗari.

Mai ƙera fasahar fa, yana da alhaki?

A ganina yana da shi. Masanin kimiyya Joseph Rotblat ya fice daga aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka a 1944 da ya fahimci Jamus ba ta kusa mallakar nata ba. A 2018 dubban ma'aikatan Google sun sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa da wata kwangilar soja ta ƙirƙirarriyar basira mai suna Maven, kamfanin kuma bai sabunta ta ba.

Ma'aikata na iya sa baki kafin a gama yanke shawara?

Sun taɓa yi. A 2023 marubutan fina-finan Hollywood sun shafe kwana 148 suna yajin aiki. Ba su nemi a haramta ƙirƙirarriyar basira ba. Abin da suka samu a rubuce shi ne ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, ba za a lasafta ta a matsayin marubuciya ba, kuma dole kamfani ya faɗa idan rubutun da ya miƙa masa daga gare ta ya fito.