Waiwaye: Yadda batir mai bolt 12 ya zama jakin kayan a-kori-kurar zamani

Ƙorafin masu a-kori-kura na zamani ya zama kusan iri ɗaya. Mutum ya ajiye mota kwana uku ko huɗu, ya dawo ya danna maɓalli, sai dashbod ya cika da jajayen fitilu: wannan na cewa birki, wancan na cewa sitiyari, allo ya ɗauke ya dawo. A je wurin mai gyaran wayarin, ya duba ko'ina, a ƙarshe ya ce batir ne ya yi sanyi. Wasu na ɗora laifin a kan batiran yanzu, wasu kan yawan kwamfuta. Kowa na da ɗan gaskiyarsa, amma ruwan ya daɗe yana haɗuwa kafin ya sauko.

Farkon labarin sananne ne. A 1912 aka sa wa Cadillac kik na lantarki da Charles Kettering ya ƙera, aka huta da murɗa inji da hannu. Cikin shekarun 1950 motocin Amurka suka tashi daga bolt 6 zuwa 12, altaneta kuma ta maye gurbin tsohon janareto daga 1960. A lokacin aikin batir bai wuce tada inji, kunna fitila da rediyo ba. Ka zare makulli, komai ya mutu murus.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1990. Injiniyoyi sun riga sun hango cewa bolt 12 zai gaza. Kamfanonin mota da masu yi musu kayayyaki suka haɗu ƙarƙashin inuwar jami'ar MIT, suka tsara sabon ma'auni na bolt 42, wato batir mai bolt 36 da ake yi wa caji a 42. Hikimar a fili take: idan ƙarfin wuta ya ninka uku, na'ura za ta sami abin da take so da kashi ɗaya cikin uku na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya), wayoyi su sirance, zafi ya ragu. Ba a takarda kaɗai maganar ta tsaya ba. Toyota ta gwada shi a Crown a 2001, a 2004 kuma aka fitar da a-kori-kurar Chevrolet Silverado mai irin wannan tsari.

Sai dai wuta mai bolt 42 ba ta da haƙuri. Idan aka raba waya biyu tana gudu, tartsatsin kan ƙi mutuwa, ya ci bakin makunni. Kwan fitila, fis, ƙananan injinan ɗaga gilashi da na goge ruwa, duk an gina su a kan bolt 12, kuma sauya su baki ɗaya kuɗi ne mai yawa. Ana cikin haka na'urori suka rage cin wuta, aka ga za a iya lallaɓawa. A hankali shirin ya bi ruwa, ba tare da wani ya yi shelar mutuwarsa ba. A ganina nan ne hanya ta rabu: aka bar tsohon ginshiƙi, aka ci gaba da ɗora masa bene.

Benen kuwa ya hau. Tsarin CAN da Bosch ya gabatar a 1986 ya bai wa ƙwaƙwalen mota, wato ƙananan kwamfutocinta, damar hira da juna a kan waya biyu, yau ga su gommai a mota guda. Ba sa mutuwa idan an kashe inji, barci suke yi, wani lokaci sai bayan rabin sa'a. Motar da ta yi barci sosai takan ja ƙasa da miliamfiya 50, abin da a yini guda bai kai jan amfiya ɗaya da rabi na tsawon sa'a ɗaya ba. Amma ƙwaƙwalwa ɗaya ta ƙi barci, ko makullin rimot da aka rataye kusa ya riƙa tashinta, ta ja amfiya biyu, to cikin kwana biyu batir ya kwanta. A-kori-kura kuma ta fi shan wahala, don ita ake jona wa tirela, ƙarin fitilu da firij, sau da yawa bayan an sayo ta.

Ga kuma tsarin kashe inji a danja, da cajin da kwamfuta ke rage wa don tsimin mai. Gajeruwar tafiya ba ta cika batir. Cikakke yakan nuna bolt 12.6, idan ya sauka 12.2 ya kusa rabi, kuma yawan zama haka na kashe farantansa na darma. Lokacin kik wutar ta faɗi, ƙwaƙwalen su rikice, kowace ta yi ƙarar laifin da babu shi.

Tunanin da aka binne ya dawo da sabon suna, bolt 48. A-kori-kurar Ram 1500 ta zo da shi a 2019, amma da batirin bolt 12 a gefe yana riƙe da ƙananan kaya. Sai a 2023 a-kori-kurar Cybertruck ta kamfanin Tesla ta mayar da wayarinta kan 48.