Yadda doka ke kare siffar kaya daga masu kwaikwayo

Wanda ya ƙirƙiro sabuwar siffar kujera, ko kwalba, ko takalmi, ko zanen jikin yadi, doka ta ba shi hanyar hana wani ya kwaikwaya ya sayar. Abin da wannan kariya ta shafa shi ne abin da ido ke gani: siffa, layuka, launi da ado. Yadda abu ke aiki kuwa ba huruminta ba ne, wannan na dokar ƙirƙira ne da ake kira fatent. Sunan kamfani da tambarinsa ma da tasu dokar. Shi ya sa idan aikin abu ne ya tilasta masa wata siffa, kamar ƙafafun fulogi da dole su dace da soket, yawancin ƙasashe ba sa ba da kariya a kanta.

Babban sharaɗi shi ne fasalin ya zama sabo, kuma a nan ne ƙananan masu sana'a suke yin asara mai ciwo. Mutum zai ɓata watanni yana gyara siffar abu, da ya gama sai murna ta sa ya ɗora hotonsa a intanet ko ya kai shi baje koli. A ƙasashe da dama, daga ranar fasalin ya daina zama sabo a idon doka, ko da shi mai shi ne ya bayyana shi da hannunsa. Idan ya zo neman rajista daga baya, hoton nasa ne zai zama hujjar hana shi. Amurka da Tarayyar Turai suna ba da rangwamen wata 12 bayan bayyanawa don mai fasalin ya nemi rajista, kuma yarjejeniyar da aka cimma a Riyadh a 2024 ta tanadi irin wannan wa'adi ga ƙasashen da suka shige ta. Amma wanda ke da niyyar sayarwa a ƙasashe da yawa bai kamata ya dogara da rangwame ba. A ganina a fara shigar da takarda, sannan a nuna wa duniya.

Kariyar tana da wa'adi. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta shafi haƙƙin mallakar fasaha, ta wajabta wa mambobin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya aƙalla shekara 10. A Amurka shekara 15 ce. A Tarayyar Turai ana sabunta rajista duk shekara 5 har zuwa 25, kuma ko ba rajista akwai kariyar shekara 3, sai dai wannan kwaikwayo kawai take hanawa: wanda ya ƙirƙiro makamancin abin bisa kansa ba shi da laifi.

Kada a ɗauka batun ado ne kawai. Shari'ar Apple da Samsung da ta faro a 2011, kan siffar waya da tsarin gumakan fuskarta, sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2016, kamfanonin biyu kuma ba su sasanta ba sai 2018.

Rajista a ƙasa ɗaya ba ta tsallaka iyaka. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba mai nema wata 6 ya shigar da takarda a sauran ƙasashen da ke cikinta, a ɗauka tamkar ya shigar da ita a ranar da ya fara shigarwa a ƙasar farko. Akwai kuma tsarin Hague da WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa daga Janiba, inda takarda guda za ta iya ɗaukar fasali har 100 idan rukuninsu ɗaya, a nemi kariya a ƙasashe da yawa lokaci guda. Duk da haka ofishin kowace ƙasa yana da ikon ƙin amincewa bisa dokarsa. Kuma hotunan da aka haɗa da takardar su ne iyakar haƙƙin mutum, domin su alƙali zai duba ya kwatanta da kayan wanda ake ƙara.