Cin rani: kalmar da ake ɗora wa kayan da ba nata ba

Tun da aka gama girbi kalmar nan ba ta bar bakin masu rediyo a Yamai ba. In ana maganar cunkoson kasuwar Katako, 'yan cin rani ne. In ana maganar bukkokin da suka mamaye itatuwan da aka dasa kewayen gari, 'yan cin rani ne. A wata muhawara har na ji an kira mutanen da suka gudo daga yankin Tillaberi saboda 'yan bindiga da wannan suna. A nan ne raina ya ɓaci.

"Ci" a Hausa bai tsaya ga baki ba. Ana cin kasuwa, ana cin sarauta, ana cin bashi. Cin rani shi ne mutum ya je ya ƙarar da raninsa a wani wuri, kuma rani yana da iyaka. Dawowa tana cikin kalmar tun asali. Duk wanda ya tashi a Adar ya san yadda abin yake. Bayan kaka maigida zai tsaya gaban rumbu ya ƙirga damman hatsinsa, ya ga ba za su kai iyali wata damina ba. Sai samari su ɗaure kaya. Riba biyu ce: bakin da ya tafi bai taɓa rumbu ba, an adana hatsin don lokacin noma da jiki ke buƙatar tuwo mai nauyi, ga shi kuma zai dawo da kuɗin haraji, da zanen uwa, da abin haɗa sadaki. Kakanninmu sun yi ta a ƙafa zuwa Sakkwato da Kano da Kumasi. 'Ya'yansu na Keita da Buza da Illela suka bi mota zuwa Abijan, daga baya Libiya. Amma da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin kowa ya koma gona. Wanda aka yi shuka babu shi, shekara ɗaya, biyu, uku, a ƙauye ma an daina ce masa ɗan cin rani. Cewa ake ya zauna can. A ganina dabara ce ta masu hankali da suka san ruwan sama na wata uku zuwa huɗu ba ya ciyar da wata goma sha biyu, kuma ban yarda a riƙa furta sunan kamar zagi ba.

To, a auna wannan da Yamai. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauko hedikwata daga Damagaram suka kawo nan. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce kimanin 30,000 ba. Ƙidayar 1988 ta sami kusan 400,000, ta 2001 wajen 700,000, ta 2012 ta haura miliyan ɗaya. Garin da baƙinsa ke komawa da damina ba ya ninkuwa haka. Unguwar Lazare sansani ce ta waɗanda farin 1973 da 1974 ya raba da dabbobinsu da gonakinsu, yau ta zama unguwa ta dindindin. Sunan Bukoki ma da kansa yana faɗin yadda unguwar ta fara. Sannan akwai abin da ba a son ambata a muhawara, wato haihuwa. Binciken lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma ƙidayar wannan shekarar ta nuna yawan jama'ar ƙasa na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Babban rabo na ƙaruwar Yamai a cikin Yamai aka haife shi. Yaron da aka yanke wa cibiya a unguwar Talladje, wace damina zai jira, ina zai koma?

Abin da ke damuna shi ne kalmar tana da sakamako. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma ba wanda ke gina wa raɓa aji ko ya ja mata famfo. Da zarar an sa wa iyali sunan 'yan cin rani, an sauke wa hukuma nauyin yanka musu fili. Sai su kafa bukka inda suka samu, a kwari ko a bakin kogi, kuma mun ga abin da ruwa ya yi wa unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga a 2020.

Sauran kalmomin ba su da wuyar rabewa. Wanda tsoro ya koro ɗan gudun hijira ne. Wanda ke ratsa Agadas ya nufi Bahar Rum shi ake kira baƙon haure, a kan masu jigilarsa aka yi dokar 2015 da aka soke a Nuwamban 2023. Wanda ya kwaso mata da yara da tukunya, ƙaura ya yi.

'Yan cin rani na gaskiya suna nan har gobe: masu garuwa, masu dako, masu wankin takalma, suna kwana bakin shaguna, kuma a watan Yuni za ka neme su ka rasa. Akwai wani dattijo mai shayi a layinmu, mutumin wajen Tawa, da na taso ina ganin teburinsa. Na taɓa tambayarsa, "Baba, bana ba za a je shuka ba?" Ya ce, "Ɗana, gonar mahaifinmu mu bakwai muka raba ta, nawa rabon na bar wa ƙanena." Yaransa duka a lakkwal ɗin unguwa suke karatu.