Rob Nixon

Rob Nixon farfesa ne na adabin Ingilishi, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi fice wajen haɗa nazarin adabi da nazarin muhalli. An haife shi a wajajen 1954, ya taso a zamanin mulkin wariyar launin fata.

Karatu da koyarwa

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Rhodes, sannan ya tafi Amurka, inda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia, yana cikin ɗaliban fitaccen masanin adabi Edward Said. Ya koyar a Columbia, daga nan ya koma Jami'ar Wisconsin da ke Madison, ya riƙe kujerar farfesa mai ɗauke da sunan Rachel Carson, marubuciyar Amurka kan muhalli. A wajajen 2015 ya koma Jami'ar Princeton.

Littafinsa na farko, na 1992, a kan marubuci V. S. Naipaul ne.

Ɓarna mai tafiyar hawainiya

Aikin da ya fito da sunansa shi ne littafin Slow Violence and the Environmentalism of the Poor (wato ɓarna mai tafiyar hawainiya da fafutukar talakawa ta kare muhalli), wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga a 2011. Hujjarsa ita ce, idan bam ya tashi kowa na gani, 'yan jarida su yi ca a wurin. Amma gubar da ke tsiyaya cikin rijiya, ko ɗanyen man da ke kashe gona da kifi shekara da shekaru, ba ta da ranar da za a ce yau ta auku, don haka ba a lissafa ta a matsayin ta'addanci ga bil'adama. Talakawa ne ke kwana a ciki. A ganinsa, aikin marubuci ne ya ba wannan ɓarna fuska da labari har mutane su iya ganinta.

Littafin ya tattauna bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya na 1984, da dashen itatuwan 'yar fafutukar kare muhalli Wangari Maathai a Kenya, da rubuce-rubucen marubuciyar Indiya Arundhati Roy kan manyan madatsun ruwa. Babi guda kuma na Ken Saro-Wiwa ne, marubucin Ogoni da ya yi fafutuka kan malalar mai a yankin Neja Delta, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye tare da mutum 8 a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Nixon ya koka cewa masu nazarin adabin muhalli a Amurka sun fi karkata ga marubutansu na gida da dazuzzukansu, suka bar irin su Saro-Wiwa a baya, alhali shi ransa ya bayar. Wannan ƙorafi na cikin abubuwan da suka faɗaɗa fannin zuwa adabin Afirka da Asiya.

Littafin ya samu lambar yabo ta American Book Award a 2012.

Suka

Wasu masana sun ce ɓarnar ba ɓoyayya ba ce ga waɗanda ke zaune a cikinta. Masu mulki ne ke kawar da kai.